Karan Dafi a Komin Shanu

Ni ba 'yar bakin kogi ba ce. A Damagaram aka haife ni, garin da ake auna ruwa da ludayi, aure ne ya kawo ni Diffa saura 'yan shekaru Anasara su tattara nasu ya nasu su tafi. Diffa ta lokacin ba wadda kuka sani yanzu ba ce. Ƙauye ne na zana da bukkoki, in ka tsaya a wannan ƙarshen ka ƙwala kira, na wancan ƙarshen zai amsa maka. Mai gidana Babarbare ne, yana noman barkono da alkama a bakin Komadugu. Mahaifiyarsa ce ke riƙe da gidan. Ina ce mata Inna, ita kuwa har ta koma ga Allah "'yar Damagaram" take kirana. Ban yi wata guda ba ta gano bakina ba ya ajiye magana, ta riƙa faɗa wa maƙwabta cewa an kawo mata surukar da harshenta ya fi tsintsiyarta aiki.

Komadugu kogi ne mai zuwa da tafiya. Yakan iso da tsakiyar damina, ya cika ya batse lokacin sanyi, a yi ta kamun kifi da ban ruwa, sannan kafin bazara ta kankama ya ja jikinsa ya bar mana yashi da 'yan kududdufai masu gansakuka. Wanda ya sha na kududdufi, baɗi war haka kurkunu zai kwantar da shi daidai lokacin shuka. Shi ya sa da ma'aikatan kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, suka zo suka gina mana rijiyar siminti, gari ya ɗauke ta kamar amarya. Zurfinta gaba takwas, bakinta ya kai gwiwa, kuma taku huɗu daga gefenta suka yi wa dabbobi komi, wato doguwar mashaya ta siminti. A gindin komin suka bar kafa tana kallon gangare, don in dabbobi sun gama sha a buɗe, sauran ruwan ya gangara can nesa.

Bulama, wato mai garinmu, ya damƙa kula da rijiyar a hannun wani tsohon Bafulatani da ya zo daga wajen Fulatari. Ƙishirwa ce ta cinye masa garke wata shekara, yana ji yana gani, ya iso Diffa daga shi sai sandarsa. Mutum ne mai tsoron Allah, mai raba layin shayarwa ba son kai, amma in yana so ya ga tashin hankali, to ya ga an zubar da ruwa. Yarinya in ta yi tuntuɓe tulunta ya fashe, shi ba tulun yake yi wa jaje ba. Sati biyu ya yi yana kallon sauran ruwan komi na malala a gangare, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Sai ya toshe kafar magina, ya fasa wata ta ɓangaren rijiya, ya haƙa 'yar kwata daga nan har jikin siminti, inda ya samu gaɓar da zobe biyu suka haɗu ya ɗan buɗa ta. Ya cika kwatar da yashin kogi, ya rufe da fasassun tukwane da ƙasa. Kullum in shanu da jakuna sun gama sha, sai ya zare tsumman da ya toshe kafar, ya ce, "Ruwa ya koma gida."

Kuma yana da hujja. In kogi ya ƙafe, ka tona yashi kamu ɗaya kusa da kududdufin da ya fi kowane ƙazanta, ruwan da zai tsatso maka garau ne. Kowa ya san wannan. Tsoho ya ce yashi wanki yake yi, abin da ya bi ta cikinsa ya tsarkaka. Gari duka ya yaba masa, ga tattali ga gefen rijiya ba caɓi. Ni ma na yaba, ba zan yi ƙarya ba. Wadda ta tashi a gidan da ake wanke kwano da ruwan da aka wanke gero, ai dole ta ce wannan tsoho ya san darajar abu.

Ɗiyata ta fari aka yaye ta farkon wata bazara, daidai lokacin da kogi ya ƙafe garkuna suka dawo komi. Kwana tara da yaye zawo ya kama ta. Madigarta ta faɗa, idanunta suka zurma, fatar cikinta in ka ja sai ta tsaya. An jiƙa saiwa, an yi rubutu, an yi turare. Kwana huɗu ta yi. Ɗan fari kuwa kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in ya mutu ma ba ta da izinin kuka. Aka ɗauke ta a 'yar tabarma ina zaune kamar baƙuwa. Washegari na roƙi Inna ta bar mini dakan barkono, na duƙa kan turmi na yi kukana son raina, wanda ya wuce ya ce yaji ne ya shiga mini ido.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. A makonnin nan an shiga gidan mahauci, an shiga gidan mai saƙar taru, an shiga na bayanmu. Wasu suka ce haƙori ne, wasu suka ce zafin bazara, wasu suka rage murya suka ce akwai mai baki a gari. Ni dai na ce a raina ruwa ba ya tsami banza, amma ban san inda zan nuna da yatsa ba.

Da kaka na haifi namiji. Bazarar da ta biyo yana bayana a goye, nono kawai yake sha, sai ga wani ma'aikacin likita ya zo bisa doki yana yi wa yara lamba. Da ya gama ya zo bakin rijiya, aka ɗebo masa ruwa a ƙwarya. Ya kai baki ke nan sai ya ga tsoho ya zare tsumma, ruwan komi ya zuƙe ya ɓace cikin ƙasa. Ya tambaya ina ya tafi, aka faɗa masa da alfahari. Ina tsaye ina kallo, mutumin nan ya sauke ƙwaryar bai kurɓa ba. Ya ce, "Ku toshe wannan hanya yau, ita ce ke kashe muku yara." Dattawa suka ce to, to, madalla, Allah ya kai ka lafiya. Ya hau dokinsa ya nufi Boso da ƙishinsa, su kuma suka ce ɗan boko ne, su da ma ruwan ƙauye ba ya yi musu. Maganar ta bi iska a wurin kowa, ni kuwa ta zauna mini a ƙirji. Na koma na tuna: muddin kogi na nan dabbobi na sha can, yara lafiya lau. Ranar da garkuna suka dawo komi, ba a sati biyu sai an fara jin salati a gidaje.

Shekara ta zagayo, kogi ya sake ƙafewa, ɗana ya kai wata goma sha takwas. Inna ta ce lokacin yaye ya yi, ta sa rana, Juma'a ta sama. Na roƙe ta a bari sai ruwa ya sauka. Ta ce namiji in ya daɗe a nono sakarai yake zama, ba za a lalata mata miji ba, don mijinta take kiran jikan nata. Yaye kuwa a ɗakin kaka ake yi. Ita za ta dama masa kunu, ita za ta ba shi ruwa daga randarta, randar da ake cikawa daga rijiyar nan. Na gwada tafiya har tsakiyar kogi ina tono yashi ina ɗauko masa nasa daban, tafiyar da take cinye mini hantsi. Banza. Yaro ya fara tafiya, kowane gida shiga yake, kuma wa zai ga yaro na miƙa hannu ga moɗa ya hana shi? Inna ma da ta ga tuluna na daban sai ta ɓata rai, ta ce, "Ruwan da gari duka ke sha, shi ne ɗanki ya fi ƙarfinsa?"

Sai na fara yawon baki. Mai gidana ya ce, "Don Allah ki rufa mini asiri, mutumin nan sa'an ubana ne." Na je wurin tsoho na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke raina da ladabin da na iya, wanda na san bai da yawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yarinya, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Kin taɓa ganin saniya ta mutu da ƙishi? Kin shiga sharo ba shanu." Na wuce gidan liman, matarsa ta shigar da ni, na yi magana ta bayan zana yana zaure yana ji. Bai kore ni ba, mutum ne mai haƙuri. Ya ce, "'Yata, ruwa abu uku ake dubawa: launinsa, ɗanɗanonsa, da warinsa. In ɗaya bai canja ba, ruwa na nan da tsarkinsa. Kin ga launin rijiyar nan ya canja?" Na ce, "Allah gafarta malam, a'a." Ya ce, "To, ki je ki yi ta addu'a." Na fito ina huci, kwana shida ya rage.

Sana'ata saƙar tabarma da faifai ce, kuma ni nake rina kabata. Jan launi da karan dafi nake yinsa, wato jan kuben nan na wata irin dawa, a dafa shi da kanwa har ruwan ya yi jawur. Ba guba ba ne, mata ma sukan sha shi bayan haihuwa don ƙarin jini. Ranar da na dawo daga gidan liman, don haushi na hau rini, da na gama na kifar da sauran tukunyar a gindin zana inda muke da tulin yashi. Ba a jima ba maƙwabciyata ta ɗaga murya ta bayan zana, wai wace ce ta yanka kaza jinin ya ɓullo mata wurin wanke-wanke. Na leƙa. Rinin ya shige yashin nan, ya bi ta ƙarƙashin zana, ya fito ɗaya gefen da jansa kamar yadda ya shiga. Na tsaya riƙe da tukunya. Liman launi ya nema, ni kuwa launi ne sana'ata.

Kwana biyu na yi ina tara karan dafi. Na kwashe nawa, na ba matan Gagamari da suka zo cin kasuwa tabarmi biyu da na gama suka ba ni nasu, na ari babbar tukunyar biki. Ranar Talata da safe na cika tuluna huɗu da rinin da ban taɓa yin mai kaurinsa ba. Ban ɓoye wa Inna ba, don abin da aka yi a ɓoye a bakin rijiya sunansa sammu. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "'Yar Damagaram, in kika kunyata gidan nan gaban bulama, wallahi sai dai ki nemi raƙumin da zai mai da ke garinku." Na ce, "Inna, in rijiya ba ta nuna ba, na rufe bakina har abada, ki yaye shi da ruwan da kika ga dama." Ta ce za ta biyo ni, amma don ta ga faɗuwata da idonta.

Na yi sawu huɗu ina kai tulunan, na jera su a gefen komi ta nesa da rijiya. Hantsi ne, shanun Fulani sun gama sha, mata cike da wurin. Wata ta leƙa tulu ta yi ihu ta ce jini ne. Kafin ka ce kwabo gari ya taru, har da bulama da liman da ke zaune a inuwar masallaci. Na ji ana cewa baƙuwa za ta zuba wa rijiya asiri, wani ya ce tun da ɗiyarta ta mutu kanta bai dawo daidai ba. Na ɗauki ludayi na cika na shanye a gabansu, na ƙara wani, na ɗaga damin karan na nuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah gafarta malam, ku shaida karan dafi ne da kanwa. Ku shaida ban kusanci rijiya ba, ba kuma zan kusance ta ba. A komin shanu zan zuba. In yashin Baba na wanki, ai ba abin da zai samu ruwanku."

Bulama ya dubi tsoho. Tsoho ya yi murmushi ya ce a bar ta ta zuba, yau za a huta da bakinta. Na juye tulunan huɗu cikin sauran ruwan da shanu suka bari, komi ya koma jawur. Na ce, "Baba, buɗe kafarka kamar kullum." Ya duƙa ya zare tsumman da hannunsa, muna kallo ruwan ya zuƙe har ƙasan komi ya bayyana.

Aka jefa guga aka fito da shi. Garau. Wata dariya ta tashi daga wajen samari. Aka ɗan jima aka sake jefawa, garau. Tsoho ya koma ya jingina da sandarsa yana jan carbi. Na ji ɗana na motsi a bayana, na tuna abin da na ɗaukar wa Inna da bakina. A raina na ce shi ke nan, na shiga uku, na sayar da yaron nan da hannuna. Mai gidana yana can bayan mutane ya sunkuyar da kai.

Inna ce ta motsa. Ta ture matan da ke gabanta ta zo bakin rijiya, ta kwance haɓar zanenta ta fito da ɗan madubin da take sa kwalli da shi. Ta juya shi ya kama rana, ta jefa hasken cikin rijiya, dabarar da masu yasar rijiya ke yi. Ta daɗe tana leƙe. Sai ta yi salati da Barbarci, ta ɗago ta ce, "Bulama, zo ka gani da idonka." Ya zo ya leƙa, liman ya leƙa, sannan aka ce in zo. Daga gaɓar siminti ta ɓangaren komi, wani jan zare ya sauko yana bin bango, yana faɗi yana ƙara kauri, har ya taɓa ruwa ya fara bazuwa. Masu jan guga ta ɗaya gefen suke jefawa, shi ya sa bai kai gare su ba tukuna.

Aka jefa ta wannan gefen. Liman ya sa aka kawo farin kwano na sha daga gidansa aka juye. Ba wanda ya buƙaci a faɗa masa. Ruwan ya yi ja kamar na zoɓon da aka sirka. Liman ya riƙe kwanon ya juya ga jama'a ya ce, "Launi ya canja. Na yi hukunci ne da abin da aka gaya mini, an ce yashi na tsarewa. Yashin da bai tsare karan dafi ba, me ya taɓa tsarewa? Jiya ma wannan hanya aka bi, da shekaranjiya, ba mu da idon gani ne kawai. Kada wanda ya ƙara sha ko ya yi alwala da ruwan nan sai an gyara."

Bulama ya sa aka kawo fartanya aka buɗe kwatar. Sai da mutane suka ja da baya suna toshe hanci. Yashin tsakiya ruwa ya daɗe da tafiya da shi, abin da ya rage wani baƙin taɓo ne mai yauƙi, da kashin awakin da ke shiga komi da ƙafafunsu, da tsutsotsi suna motsi. Shekara da shekaru wannan muke dama wa 'ya'yanmu kunu da shi.

Tsoho ya zo ya tsaya a kai, ya duba, sai ya zauna a ƙasa daɓas. Na zaci zan ji daɗin ganinsa haka, amma ban ji ba. Shi ne mai riga kowa zuwa jana'izar yara, shi ya ɗauki ɗiyata a hannunsa zuwa maƙabarta. Yana ta faɗin, "Ni ne, ni ne, da hannuna." Inna ce ta sake ceto lamarin, don tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, abin da wani ba zai iya faɗa ba ita za ta faɗa. Ta tsaya a kansa ta ce, "Kai Bafulatani, tashi ka daina ba mu kunya. Laifin wanda ya ba ka amanar ruwa ne, ku da ko nonon saniyarku ba ku sayar da shi sai kun ƙara masa ruwa." Ya ɗago da hawaye a gemunsa ya ce, "Babarbariya, ke da warin kifi ya toshe miki hanci, shekara nawa kina sha ba ki ji ba?" Mutane suka yi dariya, numfashi ya dawo. Sai ya juyo gare ni, karo na farko da ya yi mini magana kamar babba. Ya ce, "To 'yata, sauran ruwan fa? A zubar ke nan?" Na ce, "Baba, a garinmu ko ruwan wanka ba ma zubarwa, gindin lalle muke ba. A buɗe kafar magina, a ja kwata can gangare, ka yi shuka a ƙarshenta."

Ban san wadda ta fara guɗa ba. Na dai ji ta tashi ta bayana, wata ta karɓa, wata ta karɓa, matar mahauci da ta binne ɗanta bara waccan ta rungume ni tana kuka tana dariya. Ba zan yi muku kawaici ba, na ji daɗi, na ji kaina ya kai sama. Tun zuwana garin ana ce mini mai surutu, ranar nan surutuna ya yi rana. Na komo gida da tuluna huɗu wayam ina tafiya kamar wadda ta ci kasuwa, hannayena jawur har gwiwar hannu, ban ma yi niyyar wanke su da wuri ba.

Kwana uku maza suka yi suna aiki, mu kuma muna zuwa tonon yashin kogi, dabbobi aka kora su kududdufai. An kwashe ruwan rijiya har ƙasa, an zura mutum da igiya ya kankare bango ya yashe taɓo, an sake kwashewa har sau biyu bayan ta tsatso. An kwashe ƙasar kwatar duka an kai nesa, an cike ramin da yumɓun kogi ana dannawa da taɓarya, gaɓar kuma aka liƙe ta ciki da waje. Aka tayar da ƙasar gefen rijiya ta yi tudu yadda ko ɗigo ya zuba waje zai nufa, aka kafa gwafa biyu na rataye igiya don kada ta ja ƙasa ta koma ciki. Bulama ya sa aka yi shela: abin da ya fito daga rijiya ya fito ke nan, ko ragowar tulu ce ba a mayarwa. Wanda ya fi kowa tsananta wannan doka shi ne tsoho. Ya haƙa sabuwar kwata da kansa taku arba'in zuwa gangare, ya kewaye ƙarshenta da ƙaya, ya shuka albasa da yakuwa. Yarinyar da ya kama tana wanke ƙafa kusa da baki kuwa, sandar nan ce ke gaishe ta.

Inna ba ta ɗaga yaye ba ko da kwana ɗaya, ba halinta ba ne. Ranar Juma'a ta shafa mini maɗaci a nono, ta ɗauke yaron ta kai ɗakinta. Ya yi kukansa na kwana uku ya haƙura ya kama kunu. Ni kuwa bazarar nan ban san daɗin abinci ba. Duk lokacin da ya tsuguna bayan ɗaki sai na bar abin da nake yi na bi shi na duba, in shafa madigarsa, in ja fatar cikinsa, har Inna ta ce zan tsufar da yaro da taɓe-taɓe. Kwana tara suka wuce, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Wata ya wuce, wani ya bi. Ba zan ce mutuwa ta bar gari ba, mutuwa ba ta barin gari. Amma salatin nan da muka saba ji gida-gida in zafi ya tsananta, bana ba mu ji shi ba, yaran da aka yaye tare da nawa suna ta guje-guje a rana da ƙatta-ƙattan cikinsu na kunu.

Ranar da aka yi ruwan farko, da la'asar, ƙasa na ƙamshi, yaron na tsakar gida tsirara yana tsalle cikin taɓo. Inna ta kira ni ɗakinta, abin da ba ta cika yi ba. Ta sauke kwandon da take ajiyar kayanta, ta tono can ƙasa ta fito da farin ƙyalle sabo fil, kamu uku, a naɗe. Ban taɓa ganinsa ba. Ta ɗora mini a cinya ba ta dube ni ba.

Na ce, "Inna, na mene ne?"

Ta ce, "Tun ranar da na sa ranar yaye na aika aka sayo shi. Wancan karon sai da muka yi aro a maƙwabta, na ce ba za a sake ba."

Na gane, likkafani ne. Ta leƙa ƙofa ta dubi yaron da ke birgima a taɓo, ta goge ido da bayan hannu, ta ce, "Gobe kasuwa. Ki kai wa tela ya ɗinka wa mijina riga. Ki ce ya yi ta da girma, yaron nan sai ya kai baɗi yana sa ta."